Almakashin Mai Kemis da Ƙwayar Ciwon Suga

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantar kemis a Kakuri ko Television da ke Kaduna bayan magariba ya san almakashin da nake nufi. Ɗan ƙarami ne, galibi a ɗaure da zare a jikin kanta don kada ya yi ƙafa, kuma aikinsa guda ne, yanka katin magani. Dattijo zai zo riƙe da tsohon kati da ya lanƙwashe a aljihu, ya miƙa ya ce, "Yaro, irin wannan za ka ba ni, amma na kwana uku kawai, in fansho ya shigo na dawo." Mai kemis ya zaro sabon kati mai ƙwaya goma, ya datse shida, ya jefa a 'yar farar leda, ya mayar da huɗun cikin kwali su jira wani. "Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Ba wanda ya tambayi nawa suga ya nuna a gwajin ƙarshe, ko yaushe ma aka yi gwajin, ko kwana nawa aka yi babu ƙwayar kafin yau. Da ta ciwon kai ce, da magana ta ƙare a nan. Wannan kuwa ta ciwon suga ce, kuma a ganina babu abin da ke cin masu wannan ciwo a unguwannin tsallaken gada, daga Makera zuwa Sabon Tasha da Gonin Gora, kamar wannan yanke-yanken: a sha kwana uku a huta kwana goma, a sha wata guda a ji ƙarfin jiki a ajiye, sai ƙafa ta fara zugi a sake lalubo tsohon kati.

Rabin matsalar yana cikin kalmar magani kanta. A bakinmu magani abu ne da ake sha a rabu da cuta. An yi zazzaɓi, an sha magani, an warke, an koma kasuwa. Wanda bai warkar ba sai a ce bai karɓe ka ba, ka sake wani. Da wannan mudun ake auna ƙwayar suga, kuma dole ta faɗi, domin ba don warkarwa aka yi ta ba. Ta fi kama da tabarau. Ba wanda ke cewa tabarau ya gaza don ya cire shi rubutu ya sake dishewa. Kowa ya san amfaninsa yana nan muddin yana kan hanci. Ƙwayar da aka fi rubuta wa masu ciwon suga na manya, wato metformin, wadda da yawa suka fi sani da sunan Glucophage, haka take. Hanta rumbun suga ce a jikin mutum, tana tarawa in an ci abinci, tana saki kaɗan-kaɗan cikin dare da lokacin yunwa, kuma sinadarin insulin ne ke ce mata ya isa. A jikin mai ciwon suga hanta ta daina jin wannan tsawa yadda ya kamata, sai ta yi ta ɗiba daga rumbu tana zubawa a jini ko da jinin ya riga ya cika. Shi ya sa mutum zai kwana bai sa komai a baki ba, ya wayi gari na'ura ta nuna 200. Metformin tana rage wannan zubar, tana kuma taimaka wa tsoka ta karɓi sugan da ke yawo. Sai dai ba ta zama a jiki. Ƙoda na tace ta ta fita da fitsari, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta zama labari. Ƙwayar ranar Litinin ba ta da abin da za ta yi wa jinin ranar Juma'a.

Shi kuma ciwon ba mai ihu ba ne. Ƙishirwa da yawan fitsari da rama da kasala, waɗanda muka ɗauka su ne ciwon, ba sa fitowa sai suga ya hau sosai har ƙoda ta kasa riƙe shi. Da ya ɗan sauka sai su ɓace, mutum ya ji garau, alhali adadin da ya rage ya isa ya ci gaba da cin ƙananan jijiyoyin jini na ido da ƙoda da tafin ƙafa. Gara ce a cikin azara: daga ƙasa in ka ɗaga kai rufi lafiya lau, sai ranar da ya rufta. Saboda haka jin daɗin jiki shaidar zur ne a wannan shari'a, kuma mai dogara da shi wajen yanke ranar shan magani ya dogara da wanda ba ya gani. Abin da aka sani game da amfanin ɗorewa ba zato ba ne. A Ingila an fara wani dogon bincike a 1977, aka bi masu ciwon suga sama da 5,000 shekara da shekaru, aka fitar da sakamako a 1998. A cikin masu ƙiba da aka ɗora a kan metformin, mutuwa ta ragu da kashi 36 cikin ɗari, bugun zuciya kuma da kashi 39, in aka gwada da waɗanda aka fara da gyaran abinci kaɗai. Abin lura shi ne tsawon lokacin: kimanin shekara goma suna sha kafin wannan bambanci ya bayyana a lissafi. Da aka sake duba mutanen a 2008, shekara goma bayan an rufe binciken, sai aka tarar waɗanda suka riƙe sugansu da wuri har lokacin suna cin ribar shekarun farko. Jiki ba ya manta kyautatawa, kamar yadda ba ya manta sakaci. Wannan riba ta mai sha kullum ce. Mai shan na kwana uku ya biya kuɗi, ya ɗanɗana murɗawar ciki, bai kuma samu komai daga cikinta ba.

Zai yi sauƙi a ɗora wa marar lafiya laifi a ce jahilci ne, amma wanda ya san tarihin wannan ɓangare na gari ba zai yi saurin faɗin haka ba. Kakuri da Makera masaƙu ne suka gina su. An buɗe KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, ga matatar mai a 1980. Samari suka kwararo daga Zangon Kataf da Kafanchan da Filato da Binuwai da Katsina, suka kama haya a Nasarawa da Unguwar Sunday da Narayi, Hausa ta zama harshen da ke haɗa su a layin aiki da kasuwa da coci da masallaci. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma labarin tsofaffin ma'aikatan da suka shekara suna bin haƙƙinsu sananne ne. Yi lissafi: wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1980 yau ya haura sittin. Waɗannan ne shekarun da ciwon suga da hawan jini ke kama mutum, kuma sun same shi ba albashi, ba katin asibitin kamfani, sai abin da 'ya'ya suka aiko. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Yawancin magungunanmu kuma shigo da su ake yi, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadarinsu daga Indiya da Sin yake zuwa. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake lissafawa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kowane kwalin magani ya bi ta. A 2023 ɗin ne GSK mai yin magunguna ta sanar da barin ƙasar, Sanofi ma, mai yin Daonil da wasu nau'o'in insulin, ta ce za ta miƙa rarraba kayanta ga wani kamfani. Dattijon da ke cewa a yanko masa shida ya san goma ta fi shida. Aljihu ne ya yanke masa hukunci.

To amma akwai waɗanda ba kuɗi ne ya raba su da ƙwayar ba, hujja ce, kuma hujjojin sun cancanci amsa. Ta farko ita ce ta masu cewa me ya kai mu ga ƙwayar Bature alhali ga shuwaka, ga garafuni, ga zogale da hulba da ɓawon maɗaci, waɗanda kakanni suka sha. Ba zan raina wannan magana ba, domin metformin kanta 'yar tsiro ce. A Turai akwai wani ganye da ake kira galega, wanda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna ba mai yawan fitsari. Da masana suka tono sinadarin da ke cikinsa sai suka tarar yana sauke suga, amma da guba a tare. Daga danginsa aka haɗa metformin a 1922, ta yi shekara talatin da biyar a ajiye, sai a 1957 wani likita a Faris mai suna Jean Sterne ya gwada ta a kan marasa lafiya. 'Yar'uwarta phenformin, wadda ta fi ta ƙarfi, an janye ta daga kasuwa wajen 1977 saboda ta kashe mutane, kuma tsoron da ta bari ya sa Amurka ba ta fara sayar da metformin ba sai 1995. Wannan ita ce hanyar da ganye ke bi kafin ya zama abin dogaro: a san abin da ke aiki a cikinsa, a san nawa ke amfani nawa ke kisa, a bi dubban mutane shekaru a ƙirga wanda ya rayu. Babu mamaki wasu ganyayenmu suna ɗan taɓa suga. Amma kofin shuwaka na damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba, na mai tafasawa minti biyar da na mai kwana da shi a wuta ba ɗaya ba, ƙwaya mai miligiram 500 kuwa yau da gobe 500 ce. Wanda ke son miyar shuwaka ya sha, abinci ce mai kyau. Abin tsoro shi ne jarkar da ake tallatawa da lasifika a Kasuwar Monday ko bakin tashar Sabo, wadda aka ce tana tsinke suga cikin mako biyu. In har ta sauke suga da irin wannan sauri, sai a tambayi me aka zuba a ciki. A Singafo a 2008 mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti sugansu ya faɗi warwas, huɗu suka mutu, bincike ya gano maganin ƙarfin maza na bayan fage suka sha wanda aka cakuɗa da ƙwayar suga ta glibenclamide. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan tun 1974 ta hana tallata wa jama'a wani abu a matsayin mai warkar da ciwon suga. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya kuma shaida ce ta cewa an duba bai nuna cutarwa ba; hukumar ba ta ce yana warkarwa ba, kuma ana rubuta hakan a jikin kwalbar da ƙananan haruffan da ba kowa ke karantawa ba.

Hujja ta biyu ta fi yaɗuwa, ta kuma fi ɓarna: wai maganin asibiti ne ke lalata ƙoda, kuma da ka fara shi ka zama bawansa. Ana iya gane inda ta samo asali. Mutum ya shekara goma da ciwon bai sani ba, ya fara shan ƙwaya, bayan shekara biyu ƙoda ta gaza, dangi suka haɗa biyu da biyu suka ce ƙwayar ce. Sun ga ɓarawo ya fita ta taga ne bayan mai gadi ya iso, suka kama mai gadi. Suga da hawan jini su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya. Metformin ba ta cin ƙoda. Abin da ke akwai shi ne, tunda ta ƙoda take fita, in ƙodar ta riga ta yi rauni ƙwarai sai maganin ya taru a jini ya zama haɗari, shi ya sa likita ke rage shi ko ya dakatar in gwaji ya nuna haka. Wannan dalili ne na a riƙa gwada ƙoda sau ɗaya a shekara. Illolinta na gaskiya ba ɓoyayyu ba ne: tashin zuciya, murɗawar ciki, gudawa, ɗanɗanon ƙarfe a baki, musamman makonnin farko, kuma galibi suna lafawa in an fara da kaɗan, aka sha a tsakiyar cin abinci ko bayansa. Mai shan ta shekaru kuma sinadarin B12 na iya ƙaranci a jikinsa. A nan ma yanke-yanke yana ƙara zalunci, domin mai tsayawa ya sake farawa kullum a makon farko yake, kullum cikinsa na murɗawa, har ya yanke cewa maganin bai karɓe shi ba. Batun bauta kuwa, ciwon ne ya zo ya zauna. Ƙwayar ta same shi a gidan.

Ba ina cewa kowace ƙwayar suga lafiya ce a hannun kowa ba, kuma a nan ne almakashin mai kemis ya fi ba ni tsoro. Akwai wani dangin magani daban, su glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da glimepiride da gliclazide. Su matsa wa jiki suke yi ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Yadda aka gano su ma ya isa gargaɗi: a 1942 wani likita a Montpellier ta Faransa yana gwada sabon magani a kan masu taifod, sai ya ga suna suma, wasu har suka mutu, ashe suga ne ya ƙare a jininsu. Glibenclamide tana da araha, tana da ƙarfi, tana kuma daɗewa a jiki. Tsohuwa ta sha ta da safe da ruwan shayi, kokon da za a kawo mata bai zo ba. Wajen hantsi gumi ya karyo mata alhali iska na kaɗawa, hannu ya kama rawa, ta fara faɗa da jikoki ba dalili, magana ta riƙa harɗewa. 'Yan gida suka ce hawan jini ne, wani ya ce iska ce, aka shiga neman mai addu'a, alhali cokali uku na suga a rabin kofin ruwa, ko rabin kwalbar lemo, shi ne abin da ke tsakaninta da suma. In ta riga ta fita hayyacinta kuwa ba a ɗura mata komai, asibiti ake nufa a guje, ko Gwamna Awan ko St. Gerard's ko na Sabon Tasha, wanda ya fi kusa. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta fifita gliclazide, ta ce glibenclamide ba ta dace da wanda ya haura sittin ba. Haɗarin yana ninkuwa lokacin azumi, ko na Ramadan, ko na kwana arba'in kafin Ista, ko wanda coci-coci ke sa wa mabiya a farkon shekara. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar ita ce a je a sake tsara lokutan sha kafin azumi ya kama, a riƙa gwaji da rana, kuma in na'ura ta nuna ƙasa da 70 a karya nan take. Duka addinan biyu sun yi wa marar lafiya rangwame, kuma malamai da fastoci sun fi likita ikon sa mutane su karɓi rangwamen ba tare da jin kunya ba.

Sai hujja ta uku, wadda ta fi wuyar amsawa domin akwai gaskiya a cikinta. Kowa ya san wani da aka ce yana da suga, ya daina shan magani, ga shi nan yana yawo lafiya, har ya ba da shaida a gaban jama'a. Ba duka ne ƙarya ba. A Birtaniya an yi wani bincike da aka fitar a 2017, aka sa masu ciwon da bai daɗe ba suka rage ƙiba sosai. Bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba tare da ƙwaya ba, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Tun kafin wannan, a 1968, Farfesa Kwaku Adadevoh, mahaifin likitar nan da ta tare cutar Ebola a Legas, ya rubuta a kan wani nau'in ciwon suga da ya gani a jikin manyan 'yan Najeriya, wanda ke zuwa da zafi kamar zai kashe mutum, sannan ya lafa har a ajiye magani. Likitoci yanzu sun san wannan nau'i a tsakanin baƙar fata, sun kuma san sau da yawa yana dawowa. Saboda haka lafawa gaskiya ce, kuma mai imani yana da damar ya gode wa Allah a kanta. Tambayar ita ce wa ya tabbatar. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku da suka wuce, ba a iya yi masa wayo da azumin kwana guda. Wanda wannan gwaji ya wanke, likita ya rage masa magani a hankali, ya ci gaba da dubawa, ya samu lafawa. Wanda ya zubar da katinsa don ya ji garau, caca ya yi da idonsa da ƙafarsa. Kuma masu ba da shaida waɗanda suka rayu ne. Waɗanda suka daina sha suka ƙare a ɗakin tiyata ba a ba su makirufo.

Wasu kuma sukan juya maganar, su ce ƙwayar lasisi ce ta cin abin da aka ga dama, ko su ce tuwon acca da alkama da wake sun wadatar. Duka biyun sun kauce. Malmala uku ta tuwon alkama suga ce kamar malmala uku ta masara, yawan ne ke magana, kuma lemon kwalba da burkutu da shayi mai cokali huɗu suna iya cinye aikin kowace ƙwaya. Haka nan ciwon yana tafiya da shekaru. Binciken Ingila ɗin nan ya nuna bayan shekara uku kusan rabin mutane ne kawai magani guda ke riƙe wa suga, bayan shekara tara kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarin ƙwaya ta biyu, ko komawa allurar insulin, ba alamar an kusa tafiya ba ce kamar yadda ake raɗawa a zaure. Yaro ko matashin da ciwon ya kama shi da rama da sauri kuwa, nasa daban ne, jikinsa ya daina yin insulin ɗungurungum, ƙwaya ba ta yi masa komai, kuma jinkirta allura ajalinsa ne.

In an yarda cewa amfanin ƙwayar yana cikin ɗorewa, to nauyin ya wuce kan marar lafiya shi kaɗai, domin ɗorewa tsari take so. Mun san yadda ake yi, mun taɓa yi. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin ƙanjamau kyauta, kuma abin da ya sa shirin ya yi aiki bai tsaya ga kyautar ba: akwai rajista, akwai ranar dawowa, akwai wanda ke buga waya in ba a gan ka ba, ana ba da na wata uku a tafi da shi. Tarin fuka ma haka. A Kano da Ogun an gwada irin wannan tsari ga hawan jini a ƙananan asibitoci tun 2020. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an daɗe ana alfahari da cewa kowace tana da cibiyar lafiya a matakin farko. Tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KADCHMA, tana da hukumar sayo magunguna da rarraba su. Abin da nake kira a yi ba babba ba ne: kowace cibiya a Barnawa da Kakuri da Narayi da Romi ta kasance da littafin masu ciwon suga na mazaɓarta, da na'urar gwaji mai tsinke a kullum, da metformin da gliclazide da aka sayo da yawa kai tsaye daga masana'anta, a ba mutum na wata uku, kyauta ga tsoho da marar hali, a cire masa takalmi a duba tafin ƙafarsa kafin ya tafi, a aika shi gwajin ƙoda da ido sau ɗaya a shekara. Sayen gwamnati da yawa yana kuma toshe ƙofar jabu. Ba banza ba ne da NAFDAC ta ƙaddamar da tsarin kankare lamba a aika saƙon waya a 2010, a kan katin Glucophage aka fara gwada shi. Masu jabu sun daɗe da gane cewa maganin da ake saye kowane wata kasuwa ce mai tsoka. Masu kemis kuwa, doka ba ta ba su izinin sayar da irin wannan magani ba, amma kora ba za ta yi aiki ba muddin su ne ke buɗe da dare kuma su ne ke ba da bashi. Gara a koya musu abu uku: kada su canza wa mutum magani, kada su ba tsoho glibenclamide don ta fi araha, su kuma san gumi da rawar jiki in sun gani.

Za a ce ina kuɗin, kuma za a ce masu ciwon sun yi yawa. Yawan nasu ma ba mu ƙirga ba: ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 a Najeriya a 2021, wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a 2018 kuwa ya kai lissafin sama da miliyan 11. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu kaɗai ta isa hujjar buɗe littafin rajista. Wasu likitoci kuma za su ce ina kare tsohon magani alhali duniya ta wuce gaba, ga su empagliflozin masu kare zuciya da ƙoda, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Gaskiya ne, kuma mai ciwon zuciya ko ƙoda da ke da hali ya tambayi likitansa. Amma wanda bai iya riƙe mai araha wata guda ba, rubuta masa mai tsada ƙara wa almakashi aiki ne. Batun kuɗi kuwa, muna kashewa tuntuni, a ƙarshen hanya muke kashewa. A 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, ba a kuwa ware shi don lafiya ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, abin a yaba, to amma mai wankin ƙoda sau biyu ko uku yake buƙata kowane mako, har iyakar rayuwarsa ko ya samu dashe. Tallafin naira 38,000 da ake zubawa a zama ɗaya na awa huɗu a kan injin zai sayi metformin ta watanni ga dattijon nan na gaban kanta, wanda yau ƙodarsa ke aiki, kuma shidan da aka yanko masa za su ƙare ranar Alhamis.